Uwar Sauro da Kyautar Dokta Ba-Matsala

A gidanmu Uwar Sauro ake ce wa yayata, kuma tana amsawa. Ni ne auta, sana'ata ɗinki, ba ni da bakin kiranta haka a gaban idonta, Yaya nake cewa. A bayan ido kuwa har ni ina faɗa, don sunan ya zauna mata daram. Malama ce a jami'a, a sashen nazarin halittu, kuma tun tana budurwa har furfura ta cika mata goshi aikinta ɗaya ne, kiwon sauro. Kiwo na ce, ba kuskure na yi ba. Abin da kowa yake tafa hannu ya kashe, shi take jiƙa wa auduga da ruwan sukari.

Ni nake ɗinka mata keji, shi ya sa na san ɗakin da take kiwonsu kamar yadda na san shagona. Mai walda ya haɗa ƙarfe, ni in lulluɓe shi da farin yadin gidan sauro, in bar ƙofa ɗaya mai dogon wuya irin hannun riga, wadda ake ɗaurewa in an gama. Ɗakin yana can ƙarshen baranda a bene na sama, kullum da zafi da laima, jiƙaƙƙun tawul a kan keji, farantan ruwa a jere a kanta, tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil a ciki. Matan sauro ba sa yin ƙwai sai sun sha jini. In jinin da ake kawo musu ya yanke, sai Yaya ta naɗe hannun riga ta zura damtsenta cikin keji, ta buɗe littafi da ɗaya hannun tana karatunta. Ranar da na fara gani na ce, "Yaya, kanki ɗaya kuwa?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Waɗannan a nan aka haife su, ba su taɓa cizon mai zazzaɓi ba. Sun fi ka tsafta."

Abin da take bi a duk wannan wahala shi ne ta gano wane maganin feshi ne har yanzu yake kashe sauro, wanne ne kuma sauro ya riga ya raina. Aiki ne mai cin rai. Sai ta gwada, ta sake gwadawa, ta jira wata zuriyar ta taso ta kuma gwadawa, sannan ta yarda ta rubuta layi ɗaya. A wurin Baba ta ɗauko wannan halin. Mai gyaran agogo ne, Allah ya jiƙansa, kuma bai taɓa miƙa wa mutum agogonsa ranar da ya gyara ba. Sai ya rataye shi a ƙusa ya zuba masa ido kwana da kwanaki, mai agogo yana zuwa yana masifa, Baba yana cewa, "Bari mu ga halinsa tukuna." Mu sauran 'ya'yan, hancinsa kawai muka gada, ita ta kwashe taurin kan.

To a jami'a ba a auna malami da haƙurinsa. Takardun da ya buga a mujallun bincike ake ƙirgawa, in sun cika a ɗaga shi, in ba su cika ba ya yi ta zama. Mutanen sashensu kuwa sun daɗe da samo wa kansu mafita. In ka rubuta taka ka sa sunana, in na rubuta tawa in sa naka, ba ni gishiri in ba ka manda. Takarda ɗaya sai ka ga sunaye sun yi mata jerin gwano, har da wanda bai san ko a kan kifi aka yi ta ko a kan ɓera ba. Ba sa ɗaukar abin a matsayin sata. Zumunci suke ce masa, wanda ya ƙi kuwa shi ne marowaci. Yaya ta ƙi. Ba ta taɓa yi wa kowa wa'azi ba, in aka zo mata da tayin sai ta yi dariya ta ce, "Ni sunana ba ya kwana inda ban je ba." Haka ɗalibanta suka riƙa tasowa suna wuce ta, tana yi musu murna har zuci, mu muna cizon yatsa a gida.

Da kaɗan-kaɗan ɗinta dai ta kai ƙofar farfesa. Takarda ɗaya tak ta rage mata, lokaci kuma ya ƙure. A dokar jami'arsu, wanda bai kai farfesa ba da wuri yake ajiye aiki, farfesa ne ake ƙara wa shekaru. Zaman ƙarin girma ɗaya ya rage kafin nata shekarun su cika. In ta samu, ta ci gaba da aikinta. In ta rasa, ta miƙa makullin ɗakin sauro ta dawo gida. Kowa a gidanmu ya san da wannan, musamman Mama, wadda ba ta san abin da ake koyarwa a jami'a ba amma ta san farfesa ya fi dokta.

Ofis ɗaya Yaya take zama da wani malami da kowa ke kira Dokta Ba-Matsala, don duk abin da ka kawo masa amsarsa ke nan. Shi tsirrai ya karanta, aikinsa tatsar mai daga ganyaye. Ina so a ji ni da kyau, mutumin kirki ne. Ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, na yi ta kiran wayar Yaya, ashe ta bar ta a tebur ta shiga aji. Dokta ne ya ɗauka. Bai tsaya neman kowa ba, ya tuƙo motarsa, ya goya Baba a bayansa ya hau da shi matakalar asibiti. Ya yi ta zarya tare da mu har Allah ya yi ikonsa. Tun daga ranar Mama ba ta kiransa da komai sai "ɗana".

Sai ga shekarar da aka ce baƙi za su zo duba jami'a. Aka yi fenti, aka nome ciyawa, aka kuma ɗauko masu feshi su kori kyankyasai daga gine-gine. An ba su makullan dukkan ɗakuna a ranar hutu, ba wanda ya tuna ya gaya musu cewa a ƙarshen baranda akwai ƙwarin da jami'a take ciyarwa da gangan. Bayin Allah suka buɗe ƙofa, suka ga sauro keji-keji, suka ce yau ga inda aikin yake. Shugabansu har dawowa ya yi washegari ya jira Yaya don ta yaba masa. "Malama, ko ɗaya ba mu bari ba," in ji shi, yana washe baki.

Ban taɓa ganin Yaya ta zauna a ƙasa dirshan ba sai ranar. Zuriyar da ta raina shekara da shekaru, ta san iyayensu da kakanninsu, da tsintsiya aka kwashe su. Maganin ya kama bango da kanta, dole aka wanke ɗakin aka bar shi a buɗe, na ƙone tsofaffin yaduka na ɗinka sababbi. Daga ƙarshen wannan damina har wata daminar ta sauka, ko sauro ɗaya ba a kiwata a ɗakin nan ba. Da ruwa ya zauna muka riƙa bin kududdufai da sawun tayar mota, ita da ludayi ni da bokiti, mutane suna tsayawa kallonmu suna girgiza kai. A hankali ɗakin ya dawo da kukansa. Amma aikin da take sa ran zai cika mata takardar nan ɗaya ya mutu tare da sauron, kuma ta san babu lokacin sake shi.

Ana saura 'yan makonni a rufe karɓar fayil ɗin masu neman ƙarin girma, Dokta ya shigo ofis yana murmushi, ya ajiye mata mujalla a kan tebur. Takardarsa ce ta fito, a mujalla mai daraja, ga sunan Yaya nan na biyu bayan nasa. "Maƙwabciya, na cike miki gurbin," in ji shi. "Kada ki ce komai. Ba matsala." Bai tsaya nan ba, da yamma ya biya ta gida ya yi wa Mama albishir da bakinsa. Mama ta ɗaga hannu sama ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dushe.

Yaya kuwa shagona ta zo da mujallar a jaka. Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki ta karanta daga farko har ƙarshe, ni ina kan keke. Na ga ta koma baya ta sake bin wani shafi da yatsa.

"Auta, tsayar da keken nan."

Na tsayar.

"Yaushe aka yi mana feshi?"

Na gaya mata. Ai ba zan manta ba, ni na ƙone yadukan.

"Yaushe muka fara bin kududdufi?"

Na gaya mata wannan ma.

"To takardar nan ta ce a tsakanin nan aka gwada man ganyen Dokta a kan sauron ɗakina. Ta ce in mutum ya shafa, sauro ba zai sauka a jikinsa ba daga faɗuwar rana har wayewar gari. Ga alƙaluma nan reras, waɗanda suka sauka da waɗanda suka gudu." Ta rufe mujallar. "A ɗakin da babu komai sai warin magani."

"Ƙila a wani wurin ya samo sauro," na ce.

"Da ya rubuta wani wurin. Ɗakina ya rubuta, kuma ga sunana a sama yana cewa haka ne."

Washegari ta rufe ƙofar ofis ta tambaye shi, kuma yadda ta ba ni labari, bai yi musu ba ko kaɗan. Masu ɗaukar nauyin bincikensa sun matsa masa da wa'adi, sauron da ta yi masa alkawari ya mutu, shi kuma ya tabbata mansa yana aiki.

"A gidana muke shafawa, maƙwabciya. Yarana ba sa sosa jiki. Abin da zai fito in an gwada na rubuta, ban ƙara ko ɗigo ba. Wa na cuta?"

"Wanda zai karanta ya yarda," in ji Yaya. "Uwar da za ta shafa wa ɗanta, ta naɗe gidan sauro ta ajiye. Amma ba gardama na zo yi ba, Dokta. Sauro ya dawo, zo mu gwada da gaske. In ya fito yadda ka rubuta, mu gaya wa mujalla gaskiyar lokacin da aka yi, mu ɗauki faɗan da za su yi mana. In bai fito ba, ka janye ta."

"Ba matsala," in ji Dokta, kuma har ransa yake faɗa.

Ranar gwajin ina ɗakin, ina facin wani keji da ɓera ya huda. Aka sauke labule, aka ware matan sauro masu yunwa. Dokta ya ce ba hannun kowa za a sa ba sai nasa. Ya naɗe riga, ya shafe damtse da man nan har yana ƙyalli, ɗakin ya ɗauki ƙamshi mai daɗi, ya zura hannu. Da farko kam abin gwanin sha'awa. Sauro ya taso ya yi shawagi, ya koma jikin yadi ya lafe. Dokta ya dube ni ya kashe ido. "Tela, kana gani dai." Na ce ina gani, kuma wallahi na ji daɗi, don na fi Yaya son ta zama farfesa.

Aka cire hannu, aka jira, aka sake zurawa, kamar yadda ƙa'idar gwajin take. Kafin in gama facin da nake yi, ƙamshin ya fara gushewa. Ɗaya ta sauka. Dokta ya ce wannan mai taurin kai ce. Ta biyu ta sauka kusa da ita, sai kuma suka yi masa caa. Yaya tana tsaye tana ƙirgawa a hankali, ba ta ɗaga kai ba, ba ta ce "ka gani" ba. Dokta ya daure, ya cije leɓe, gumi yana bin wuyansa, daga ƙarshe ya zare hannu duk ya yi ruɗu-ruɗu. Jiki magayi. Sun maimaita a wasu ranakun da sabon mai da sabon sauro, don Yaya ba ta yarda da gwaji ɗaya ko da ya goyi bayanta. Amsar ba ta canza ba. Man yana korar sauro na ɗan lokaci, gwargwadon a sha shayi a tashi, daga nan kuma jikinka ya zama nasu.

Na zaci magana ta ƙare, ashe nan ta fara. Dokta ya ce a ba shi lokaci, aka ba shi. Ya dawo ya ce a bari zaman ƙarin girma ya wuce tukuna, in ya so sai a san yadda za a yi. Yaya ta ce a'a, don bayan zaman takardar ta riga ta haifa mata kujera, ita kuma ba za ta zauna a kanta ba. A nan ne bakinsa ya manta da "ba matsala".

"Kin san abin da janyewa take nufi kuwa? Kwamiti za a kafa mini. Ina da 'ya'ya a makaranta. Ni taimakonki na yi, maƙwabciya, ba ki roƙe ni ba na yi. Haka ake saka alheri?"

Shugaban sashe ma ya kira ta, ya ba ta kujera mai laushi, ya ce a bar kaza cikin gashinta. In abin yana damunta, ta zare takardar daga fayil ɗinta shiru, ko ma ta bar ta, don shi bai ga komai ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in na zare ta daga fayil, ta fita daga mujalla? Sunana yana can yana ba da shaidar abin da ban gani ba. Kuma wani mai haɗa man shafawa ya riga ya zo ofis yana neman Dokta, da mujallar a hannunsa." Shugaba ya ce ta yi tunanin mutuncin sashe. Ta ce tunaninsa take yi.

Wanda ya fi zafi shi ne na gida. Matar Dokta ta zo wurin Mama ta yi kuka mai isarta. Tana fita Mama ta aika a kira Yaya, ni ma ina zaune a bakin ƙofa.

"Mutumin da ya goya ubanku a bayansa," in ji Mama. "Shi za ki tona wa asiri? A kan sauro?"

"Mama, ba a kan sauro ba ne."

"To a kan me? Ya ba ki kyauta, ba ki so, ki mayar masa a ɓoye mana. Ke kaɗai ce mai gaskiya a duniya? Ki rasa kujerarki, ki raba shi da tasa, me kika samu?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Na san yadda take jin mutumin nan a ranta, ta fi kowa sanin alherinsa. Da ta ɗago ta ce, "Ranar da ya goya Baba, maganin da likita ya ba Baba a irin waɗannan takardun aka rubuta shi. Ba mu tambayi kowa ba, mun yarda ne kawai cewa wanda ya rubuta ya gwada. In ana rubuta abin da ba a gwada ba, Mama, babu mai shiga asibiti da kwanciyar rai, har Dokta da 'ya'yansa. Zan roƙar masa sassauci duk inda aka kira ni. Amma ba zan ce na ga abin da ban gani ba."

"Tashi ki ba ni wuri," in ji Mama, ta juya fuska bango.

Ba ta yi masa ta bayan fage ba, wannan ina faɗa da ƙarfi ga duk wanda ya ce ta ci amana. Ta rubuta abin da za ta aika wa mujalla, ta ajiye masa a tebur ya karanta, ta ce in yana so ya sa hannu tare da ita, ko ma ya aika da sunansa shi kaɗai, ta fi son haka. Ta gaya masa ranar da za ta aika. Ranar ta zo bai sa hannu ba, ta aika.

Mujalla ta janye takardar, ta buga sanarwa da sunayensu biyu a jere, don mai karatu a nesa bai san wa ya ƙaga wa ya tona ba. Jami'a ta kafa kwamiti. Yaya ta je ta faɗi abin da ya faru ba ragi ba ƙari, ta kuma faɗa musu cewa Dokta bai taɓa yi mata ƙarya ba da ta tambaye shi, cewa hannunsa ya sa a keji ba na ɗalibi ba. Ba a kore shi ba, an dai rage masa matsayi, an hana shi duba aikin ɗalibai na wani lokaci. Ya kwashe littattafansa ya koma wani ofis a ƙasa.

Baranda ta yi sanyi. Masu gaishe ta da fara'a suka koma ɗaga hannu daga nesa, wasu ma in sun hango ta sai wayarsu ta yi ƙara. Na ji da kunnena an ce mata butulu, an ce baƙin ciki ne irin na wadda ba ta ci ba ta hana a ci. Abin da ya ba ni dariya, masu zagin nan su ne suka fara karanta takarda kafin su yarda a sa sunansu, wasu har da tambayar inda aka yi gwajin. Ba wanda ya ce Yaya ce sanadi, ita ma ba ta nema ba. Ko a jikinta. Tana shiga da sallamarta, tana fita da sallamarta, wanda ya amsa da wanda bai amsa ba duk ɗaya.

Ba ta zauna haka ba. Ta ɗauko gwajin gaskiyar da suka yi ta rubuta shi tsaf, cewa man ganyen nan yana korar sauro na ɗan lokaci ne kawai, bai isa a kwana da shi ba. Ta sa sunan Dokta a farko, tunda man nasa ne, damtsen ma nasa ne, ta aika masa ofis ya duba. Takardar ta daɗe a wurinsa. Wata safiya ta same ta an turo ta ƙarƙashin ƙofa da sa hannunsa, ya gyara sunan ganyen a wuri biyu, bai ƙara kalma ba. Na ce, "Yaya, ai ga takardarki ɗaya nan." Ta ce kafin mujalla ta duba ta buga an daɗe da tashi daga zaman, kuma ta san haka tun kafin ta fara rubutawa.

Haka kuwa aka yi. Aka dawo mata da fayil ɗinta da ɗan rubutu a kai cewa bai cika ba. Da sakamako ya fito ta bi waɗanda suka samu ofis-ofis ta yi musu barka, sannan ta biyo shagona ta ce in rufe in raka ta gida. Tun ranar faɗan nan tsakaninta da Mama sai gaisuwa, kuma ba ta so Mama ta ji a bakin wani.

Muka sami Mama a tsakar gida ta miƙe ƙafa. Yaya ta durƙusa ta gaishe ta.

"Mama, an fitar da suna. Babu nawa."

"To sai baɗi?"

"Babu baɗi. Ƙarshen watan gobe zan miƙa makulli."

Mama ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar akwatinta. Ta fito da wani yadi a naɗe cikin leda, mai tsada, ruwan sararin sama, wanda ni da nake tela a gidan ban taɓa sanin da shi ba. Ta jefa mini a cinya.

"Na daɗe da saye. Na ce ranar da aka ce da ni uwar farfesa zan sa. Tunda ranar ba za ta zo ba, ba zan bar wa asu ba. Auta, ɗinka mini." Ta juya ga Yaya. "Ke kuma kada ki ɗauka na huce. Yaron nan har yanzu ɗana ne, kuma gidansa zan fara zuwa. In na fito, ki kai ni in ga ɗakin nan da kika fifita a kan kujera, kafin su karɓe."

A nan ne Yaya ta yi kuka, wanda ba ta yi ba a gaban kwamiti, ba ta yi ba ranar feshi. Ni ma ban tsira ba, na fake da duba yadi.

Na ɗinka, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Mama ta je gidan Dokta ta daɗe, ba ta gaya wa kowa abin da suka ce ba. Daga can na kai ta jami'a, inda ba ta taɓa sa ƙafa ba. Ta ƙi yarda in riƙe ta a matakala, ta hau da sandarta tana hutawa. A sama kuwa aka yi sa'a an fito daga taron sashe, baranda cike da malamai, Yaya tana can ƙarshe ita kaɗai a ƙofar ɗakinta, ba mai tsayuwa kusa da ita. Suka ga tsohuwa cikin sabon kaya, suka dare suna gaisuwa. Shugaban sashe ya rusuna ya ce, "Sannu Mama, wa kike nema?"

Mama ta ɗaga sanda ta nuna ƙarshen baranda, ta ɗaga murya yadda na bene na ƙasa ma zai ji.

"Waccan. Wadda kuka ce ba ta cika ba. Ni na haife ta."